Manzannin da Suka Juya wa Sarki Baya

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai faɗin ƙasa, ƙabilu iri-iri na ƙarƙashinsa, kowacce da harshenta da al'adarta. Wata rana mutanen kan duwatsu suka aiko manzanni su yi mubaya'a. Da suka shigo fada sai suka juya wa sarki baya, suka tsaya shiru. Sarki ya fusata, ya sa hauni ya sare kan babbansu nan take, sauran aka ɗaure.

Aka nemo wani dattijo mai hikima, Jatau, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawo cikin ƙabilu. Ya shigo ya tarar jini bai bushe ba, hauni ya zo ya tsaya a bayansa. Ya san abin da zai faɗa na iya cin ransa.

Sarki ya ce, "Gaya mini hukuncin wanda ya raina sarki. In ka karkace, kanka zai bi nasa."

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka. A fagen fama, wa kake ba gabanka?"

"Maƙiyi."

"Bayanka fa?"

"Sai wanda na amince wa da raina."

Jatau ya ji numfashin hauni a ƙeyarsa, amma ya daure. "Ya sarki, na zauna da mutanen nan. A ƙasarsu damisa ta baya take kama mutum. Saboda haka ba sa juya baya sai ga mahaifi, ko wanda suka ɗauka kamar mahaifi. Ba su da gaisuwar da ta fi wannan."

Jatau ya runtse ido yana jiran takobi.

Can sarki ya ce a hankali, "Da hauni ya nufi babban manzannin, ya ji tafiyarsa. Ko waiwayowa bai yi ba."

"Bai zaci sharri daga gare ka ba, ya sarki."

Sarki ya sauko daga karaga, ya kwance manzannin da hannunsa, ya kasa haɗa ido da su. Sa'an nan ya ce wa fadawa, "Wanda ya yanke hukunci kafin ya tambaya, takobinsa ya riga adalcinsa isa."