Kusar da Ta Gagari Gwadabe

Akwai wani direba a Karaye, zamanin Turawa, ana kiransa Gwadabe. Shekara goma ya yi yana tuƙi a Kano, ya dawo gida da sufana uku da girman kan da ya fi sufanun nauyi.

Gwaggonsa Baraka, wadda ta rene shi tun yana goye, yanar ido ta rufe mata gani. An ce likita a Kano zai iya cirewa, amma tsohuwa ba za ta jure tafiyar jaki ba. Ga damina ta matso. Da ruwa ya sauka kogi zai cika, hanyar mota ta mutu sai kaka.

Dagaci yana da wata tsohuwar mota a bayan gida, shekara bakwai kaji na ƙwai a cikinta. Ya ce, "Gwadabe, in ka tashe ta, ɗauki Gwaggo ka kai ta."

Cikin mako guda inji ya tashi, Gwadabe ya ƙara kumbura. Saura sifirin ɗin baya, ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Ya karye, dole a kwance shi. Amma kusar da ke riƙe da shi tsatsa ta cinye ta, ta manne da kunnen ƙarfen da ta ratsa.

Ranar kasuwa Ilu, wani tsohon maƙeri daga Zoza, ya biyo da fartanyunsa. Ya yi sallama, ya tsuguna ya duba.

"Ɗana, wannan ba ta duka ba ce. Jiƙa ta za ka yi kwana uku."

Gwadabe ya yi dariya. "Baba, mota ce fa, ba fartanya ba. Ni ba ni da kwana uku."

Ilu ya ce Allah ya taimaka, ya kama hanyarsa.

Wuni guda Gwadabe yana zabga guduma. Kusa ko gezau, sai ma kanta ya baje. Da la'asar ya shafa kunnen ƙarfen, ya ji tsaga siririya kamar gashi. In kunnen nan ya ɓalle, mota ta gama yawo. Ya ɗaga kai, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Gwaggo na zaune a inuwa. Ta ce, "Ɗan nan, tun safe nake jin duka. Me ƙarfen ya yi maka? Tashi ka je ka ba tsohon nan haƙuri."

Washegari ya hau keke sai Zoza. Ya durƙusa a ƙofar maƙera, kunya kamar ya nutse.

"Baba, na yi wauta."

"Ka dai yi sauri. Mu je."

Abin da Ilu ya yi ya ba kowa mamaki. Laka ya kwaɓa, ya gina ɗan ƙoƙo a jikin kusar, ya cika shi da kananzir da man gyaɗa don kada man ya tsiyaye. Ya ce duk sanda ya ragu a ƙara.

Wallahi kwana ukun nan sun yi wa Gwadabe tsawo. Ya dubi laka, ya dubi sama, hannunsa na ƙaiƙayin guduma.

Rana ta huɗu Ilu ya goge bajajjen kan kusar da magagari, ya hura gawayi.

"Kunnen za mu gasa ya buɗe, ita kusar mu bar ta da sanyinta." Ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya miƙa wa Gwadabe ƙaramar guduma. "A hankali, kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar surukai."

Ɗaya. Biyu. A bugu na biyar kusa ta motsa, ta zame, ta faɗi a ƙasa.

Gwadabe ya zauna daɓas, ya sauke wani dogon numfashi. "Alhamdu lillahi," kawai yake maimaitawa, idonsa ya ciko.

Ilu ya ɗaure kunnen da zoben ƙarfe, ya haɗa sifirin, ya ƙera sabuwar kusa. Gwadabe ya ɗauki Gwaggo a motar, suka haye kogi a kan busasshen yashi. Kwana biyu bayan nan ruwa ya ɓarke.

Ranar da aka kwance wa Gwaggo ido bayan an yi mata aiki a Kano, ta daɗe tana kallon Gwadabe. Sannan ta shafa gemunsa.

"Ashe har ka yi furfura, ɗan nan? Amma sai da maƙerin fartanya ya koya maka hankali."

Ya yi dariya, hawaye na zuba. Bai musa ba.

Darasi: Ba kowane abu da ya ƙi motsi ke bukatar ƙarfi ba, wani abin lokaci kawai yake so. Kuma kada ka raina shawara don mai ba da ita bai je inda ka je ba. Jama'a, ku tura wa duk wanda kuka san hannunsa na saurin kai wa guduma.