Gonar Da Aka Hana Kai Wa Taki

Surukina Malam Dallatu mutumin kirki ne, amma yana da hali guda: bakinsa bai iya furta "ba ni da shi" ba. Ko rumbu ya kusa ƙarewa, sai ya sa babbar riga ya zauna a ƙofar gida yana raha, don kada a gane. Ni matar babban ɗansa ce. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ba ni da yawan magana, sai dai ina lura.

A ƙauyenmu da ke bayan Zakirai gona manne take da gona, ba wadda ake bari ta huta. Wanda bai kai taki da rani ba, kada ya sa rai da amfani. Gonar gandunmu ita ke ciyar da gidan gaba ɗaya.

Ƙanin maigidana, Tasi'u, yana jami'a yana karatun haɗa magunguna. In ya zo hutu yakan leƙo madafa ya ce, "Matarmu, wannan barkonon naki sai na rubuta wa mutanen gidan nan magani." Ni dai in sunkuyar da kai ina dariya.

Shekarar da fetur ya tashi, kwanon masara ya gagari talaka, sai aka ninka kuɗin jami'a. Malam Iliyasu, hedimastan firamarenmu, ya zo zaure wajen Baba, wato surukin nawa. Ina bayan katanga ina tankaɗe, ina jin su.

"Baba, iyayen ɗalibai za mu haɗu mu je wajen hukuma, ta ɗauke mana wannan nauyi. Ka zo mu tafi, ana jin maganarka."

"Ni in je in tsaya a rana ina roƙo? Ɗana maraya ne?"

"Ba roƙo ba ne, Baba. Makarantar gwamnati ce, haƙƙinmu ne."

"To ku je ku karɓo haƙƙin naku. Allah ya ba da sa'a."

Ba a daɗe ba Tasi'u ya koma makaranta da kuɗinsa cif. Ba wanda ya iya tambayar Baba inda suka fito.

Rani ya yi nisa, takin tumakinmu ya taru a turke. Maƙwabta suna ta kai nasu gona a kan jakuna. Duk sanda maigidana ya ɗora wa jaki mangala, sai Baba ya ce, "Dakata tukuna." Na fara zargin akwai wani abu a ƙasa. Na yi wa maigidana maganar a hankali, ya ce, "Ke dai da sa ido."

Ranar da aka yi ruwan shuka maigidana ya ɗauki sungumi da iri ya fita da sassafe. Kafin hantsi sai ga shi ya dawo, irin yana nan a ƙwarya. Ko sallama bai yi ba.

"Baba, yaran Alhaji Nababa na tarar suna shuka a gonarmu. Har cewa suka yi in matsa, ina taka musu layi!"

Baba bai ɗago ba. "Jingina na ba shi. In na biya zai saki."

"Da me za ka biya? Ai gonar ce ke ba mu abin sayarwa!"

"Kada ka ɗaga mini murya."

"To me za mu ci, Baba?"

Inna, surukata, ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

A wajenmu, wanda aka jinginar wa gona shi ke nomawa ya kwashe amfanin har ranar da aka biya shi. Daminar nan ƙwadago maigidana ya yi. Akwai ranar da aka ɗauke shi noma a gonar ubansa, aka sallame shi da la'asar kamar kowane lebura.

Iyayen da suka bi Malam Iliyasu sun sha zirga-zirga, amma daga baya an rage wa 'ya'yansu nauyin. Tasi'u bai samu ba, don ba wanda ya je ya tsaya masa. Da sabuwar shekarar karatu ta zo, babu sauran abin jinginarwa. Ya dawo gida da jakarsa, saura shekara guda ya gama. Ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Da ka gaya mini, da tun bara na haƙura aka bar gonar." Yau Tasi'u dako yake yi a kasuwar Dawanau, yana neman abin fansar gona.

Darasi: girman kai ya sa Baba ya ɗauki neman haƙƙi a matsayin roƙo, sai gona ta tafi, karatu ya bi ta. Iyaye mu daina ɓoye nauyin da ya fi ƙarfinmu, mu haɗa baki mu yi magana. Hukuma kuma ta sani, bai dace ɗan manomi ya sayi karatun jami'a da abincin gidansu ba. Ya shiga makarantar gwamnati ba da bashi ba, ya fito ba da bashi ba.