Sammacin da Bai Hau Bene Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, masinjan kotu. In kotun wata ƙasa ta aiko da sammaci, shi ke kai wa mai shi hannu da hannu, a sa hannu, ya dawo ya rantse cewa ya miƙa. Sai a aika wa alƙalin can da rantsuwar. Alƙalin bai san shi ba, bai san unguwar ba. Abin da ya rantse a kai, shi ke nan.

Mutumin nan ya gane haka. In gida ya yi nisa, sai ya laɓe bayan ofis ya sa hannu da hagu, ya cusa takardar a durowa. Abokin aikinsa ya ce, "Kai tsoho, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Wa zai hau jirgi ya zo ya tambaye ni?"

Ran nan aka ba shi takardar wani tela da ke hawa na huɗu. Ya je har gindin bene, ya ɗaga kai, ya shafa gwiwa, ya juya abinsa, ya yi yadda ya saba. Ko fassarar da aka manna a baya bai duba ba.

Me ke ciki? Matar telan ce ta rasu a can inda take aikatau, ta bar yarinya 'yar shekara uku. Kotu ta ce uban ya amsa cikin kwana casa'in, ko a ba wasu ita har abada. Kwanaki suka cika, tela na ta zarya a ma'aikatu yana neman labarin 'yarsa. Alƙali ya duba rantsuwa, ya ce uba ya gani ya yi shiru. Ya buga hatimi.

Da lauyan da tela ya ɗauka ya tono maganar, ashe ranar da aka ce tela ya sa hannu yana kwance a asibiti. Aka fasa durowa. Takarda talatin da ɗaya!

Shekara biyar aka yanke wa masinjan. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, ko leƙo shi ba ta yi ba. Tela ne ya zo gidan yarin. Bai zage shi ba, cewa kawai ya yi, "Baba, da ka ƙwala kira ai da na sauko."

Yarinya fa ba ta dawo ba. An sake mata suna, ba ta jin yaren ubanta.

Masinjan nan bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Ƙyuya ce da rantsuwar ƙarya. Kai mai riƙe da saƙon wani, ka san abin da ke cikinsa? Kai shi, ko ka ce ka kasa.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwa a kan abin da ba mu yi ba. Amin.