Tsohon Kwaɗo da Yayyafin Bazara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta!

Wani tsohon Kwaɗo ne a binne cikin laka tun rani, kewar tafki na cin sa. Shi kuwa bai taɓa iya jira ba. Garajensa ne ma ya fito da matarsa a yayyafin bazara wata shekara, rana ta kashe ta a hanya.

Ran nan ya ji ɗis, ɗis a kansa. Ƙafafunsa suka hau rawa. Ya kira maƙwabcinsa, "Malam Kunkuru, shamuwa ta iso?"

Kunkuru ya ce, "Ko gashinta ban gani ba."

"Kwana nawa ya rage mini da zan yi ta jira? Ga ƙanshin ƙasa ina ji!"

"Wancan karon ma ka ji shi."

Kwaɗo ya sa hannu ya danne ƙafafunsa har rana ta shanye yayyafin.

Da shamuwa ta sauka, ruwan damina ya zuba, ya ja jiki zuwa tafki. Ya yi kuka sau ɗaya ya dakata, ko matarsa za ta amsa.

Shi ya sa har yau kwaɗo in ya yi kuka yakan ɗan saurara.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta tsaya nan.