Mai Zuma a Gaban Tagar Biza

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, yana da amya sittin da ya gina da yumɓu, da mata, da 'ya'ya biyar, da gonar da sai ka hau dutse kake ganin ƙarshenta. Labarin amyarsa ya yi nisa, har aka gayyace shi taron masu kiwon zuma na kwana shida a ƙasar waje. Ya yi fasfo, ya cike takardu, ya tafi birni neman biza.

To, mutumin nan yana da wani hali. Ba ya taɓa faɗin abin da Allah ya ba shi, don tsoron bakin mutane. Ka gaishe shi da kaka, sai ya ce, "Bana sai haƙuri," alhali tulunan ɗakinsa har tsiyaya suke yi.

Ranar ganawa ya tsaya gaban tagar gilashi. Baturiya na ciki, tafinta na gefenta, magana kuma ta lasifika take fitowa, duk na kan layi suna ji. Ya waiwaya, sai ga wani ɗan garinsu a bayansa, shi ma ya zo nema, mutumin da ba a kai shi yawo da zance ba.

Tafinta ya ce, "Baba, tana tambaya, me ka bari a gida da zai dawo da kai?"

Ya ce, "Ba ni da komai, ɗana. Baƙo ne ni a duniyar nan."

Tafinta ya rage murya. "Baba, nan ba majami'a ba ce. Amya nawa gare ka?"

"'Yan kaɗan, su ma ƙudan sun kusa gudu."

"Iyali fa?"

"Muna nan dai, rayuwar talaka."

Tafinta ya juya maganar yadda aka faɗe ta. Baturiya ta yi rubutu, ta turo masa fasfonsa. An hana shi, domin wanda ba shi da komai a gida ba shi da dalilin komowa.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Baban Habila, shekara ashirin da biyu ina tace maka zuma, ashe ni da yaran nan ba mu kai a ambace mu ba? Sannu da zuwa, baƙo."

Aka yi taro, aka watse, ba shi.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa, kuma kada wani ya dubi maƙwabcinsa, da kai nake. Mai zuma shi ne kai da Ubangiji ya cika wa hannu, amma in an ce a tashi a ba da shaida sai ka sunkuyar da kai, ka marairaice fuska. Kana kiran wannan tawali'u. Ƙarya ce ka yi mata wanka ka sa mata rigar Lahadi. Ka fi tsoron bakin ɗan garinku da tsoron Wanda ya ba ka, shi ya sa ka musanta alherinsa a gaban jama'a, har ka haɗa da matarka da 'ya'yanka. Ba a ce ka yi fahariya ba. An ce in an tambaye ka, ka faɗi gaskiya, ka faɗi wanda ya ba ka. Ka ci gaba da rantsuwa cewa ba ka da komai, ranar da ka fi bukatar a buɗe maka ƙofa, ranar za a gaskata ka.