Shinkafar da Fitila Ta Hana Haihuwa

Ku gyara zama, ku bar surutu. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe bakinku nake son ji.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wani tsoho mai suna Nomau. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta, sai tulu guda na irin shinkafa da ya gada kaka da kakanni, ana ce mata Jangemu. Duk garin daga tulun nan ake ɗibar iri. A al'adarsu ba a raba tulun. In mai riƙo ya ji ƙarshensa ya zo, mutum ɗaya yake damƙa wa. Nomau kuwa 'ya'yansa uku: Sallau babba, sai Lantana, sai auta Tanimu.

A wata shekara ɓarayin daji sun hana mutane barci, sun tare hanyar kasuwa. Yunwa ta sa an cinye ajiya, har Nomau ya juye tulun kakaf aka shuka. Sallau, da yake shi ne shugaban 'yan sintiri, ya kafa manyan fitilu masu aiki da hasken rana a gefen fadama, ta inda maharan ke ɓullowa. Dare ya koma rana, mahara suka ja baya, kowa na sa masa albarka.

To, sai ga abin da ba a taɓa gani ba. Shinkafa ta yi kore shar, ta kai ƙirji, amma ta ƙi ɗaukar ciki. Lokacin fid da kai ya zo ya wuce. Kullum Nomau sai ya tsage kara da farce ya leƙa: ganye, cikin ganyen ma wani ganyen. Aka yi sauka, aka yi sadaka, shiru. Tsohon nan ya zauna a bakin gona yana kuka kamar yaro, don ya san in ta mutu a haka, a hannunsa Jangemu ta ƙare, garin ma ya bi ta.

Lantana ta yi karatun tsirrai a birni kafin aure ya dawo da ita gida. Ita ta lura da wani ɗan lungu bayan wata bishiyar kuka, inda hasken ba ya kaiwa, can shinkafa ta fid da kai. Ta durƙusa gaban uban ta ce, "Baba, ba sammu ba ne. Ganyen Jangemu tsawon dare yake aunawa. In duhu ya daɗe bai katse ba, sai ganyen ya haɗa wani sinadari, ya aika shi ta jijiyoyi zuwa zuciyar kara, ya ce mata ta bar yin ganye ta fara ciki. Fitilun Yaya sun hana ta ganin dare. Har yau tana zaton tsakiyar damina ce."

Gari ya ɗauka da ihu. "Mu kashe fitila a yanka mu?" Babu wanda ya isa ya taɓa fitilun sai mai su. Sallau ya dubi uban, ya hau turakun fitilun ɗaya bayan ɗaya ya tsinke wayoyin da hannunsa. Mahara kuwa suka zo, ai dama jira suke. Sallau ya tare su a mashigin ruwa, ba su shiga gari ba. Amma harsashi ya cinye masa hannun dama, kuma da safe aka binne Ilu, mijin Lantana, wanda ya tsaya tare da shi. Mata suka daina amsa gaisuwar Lantana a rijiya.

Shinkafa ta ɗauki ciki, sai dai a makare, ruwan sama ya riga ya ɗauke. Furen da bai sha ruwa ba ƙaiƙayi yake zama. Tanimu ya ɗauki fartanya ya haƙa hanyar ruwa tun daga kogi, ya hana tasa gonar ko ɗigo, ta bushe yana kallo. Ya dinga wuni cikin taɓo da sanyi yana tare ɓaraka, har ƙafafunsa suka ruɓe, tari ya kama shi. Wallahi yaron nan bai sake miƙewa daidai ba.

Aka yi girbi. Ba yawa, amma an ci, tulu ya cika. Nomau ya kwanta ciwon ajali, ya sa aka ajiye tulun kusa da tabarmarsa, ya kira 'ya'yansa. Ya dubi Lantana cikin takaba: ba don ita ba, da har yau ana tsage kara ana kuka. Ya dubi Sallau: fitilunsa ne suka jawo, amma su suka tsare garin, kuma ba don ya kashe su ya tsaya a duhu ba, da maganarta ta tashi a banza. Ga shi ko hannun karɓar tulun ba shi da shi. Ya dubi Tanimu yana tofar da jini a tsumma: ba don shi ba, da ƙaiƙayi za a zuba a ciki. Tsoho ya ɗora hannu kan bakin tulun, numfashi na sarƙe masa.

To, kada wani ya ce mini a raba, na gaya muku ba a rabawa. Ku da ke zaune, wa Nomau zai miƙa wa tulun nan?