Furfura Tara a Kan Tulu

Auta yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, ko masu jin haushinta ba sa musun haka. Aibinta guda ne: tana jin kunyar duk abin da ta yi kafin ta iya. Tun tana makaranta, da zarar rubutunta ya gyaru sai ta yayyage tsofaffin littattafanta don kada wani ya ga yadda ta fara. Idan mahaifiyarta ta ɗauko hotonta na ƙuruciya, sai an yi kokawa kafin a kalle shi. Da wannan hali ta girma, da shi kuma ta shiga sana'a.

Sana'ar kuwa haɗa wasan waya ce. Ita da yayarta suka ƙirƙiri wani wasa mai suna Kiwon Dodo, ba kamfani a bayansu, ba ubangida. Mai wasa zai zagaya lungunan wani gari da ke cikin wayar, ya kamo ƙananan dodanni a kan rufi ko ƙarƙashin gada, ya ciyar da su har su girma, sannan ya kara su da na wasu. Auta ce ke zane da rubuta manhajar, Yaya kuma ke amsa saƙonnin masu wasa. A teburin cin abinci na gidan iyayensu suka fara, da wata kwamfuta da ba ta tsayuwa sai an tokare ta da gwangwanin madara.

Dodon farko da Auta ta zana sunansa Tulu, domin babu abin da ya fi kama da shi. Kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ƙafafunsa uku ne, saboda a lokacin ba ta iya sa huɗu su yi tafiya ba tare da sun harɗe ba. A fagen faɗa kuwa ko kaza ba zai kora ba. Abu ɗaya ta sa masa don nishaɗi: duk kwana ɗari da aka ciyar da shi ba fashi, sai furfura guda ta tsiro masa a ka.

Ranar da aka saki wasan mutum huɗu ne suka sauke shi a wayoyinsu, biyu daga ciki masu shi ne. Ta ukun Mama ce. Ta kamo Tulu a bayan wata gada, ta kalle shi ta yi dariya har da hawaye, ta ce, “Tunda ke da yayarki kun ce aiki ne a gabanku, ni dai na samu jika.” Daga ranar, kowace safiya sai ta ba jikanta abinci kafin ta sha shayinta. Furfura huɗu ta tara masa, sannan ciwo ya kwantar da ita, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwar, Auta takan ga tsohuwar wayar Mama mai tsagaggen gilashi a jone da caji kusa da rediyon Baba. Ta taɓa ce masa, “Baba, wayar nan ai ta gama aiki.” Ya ce, “Bar ta nan, Injiniya, tana da nata aikin.” Injiniya yake kiranta in zai zolaye ta. Ba ta tambayi wane aiki ba ne, don a lokacin kanta ya cika da nata.

Wasa ya yi ta bunƙasa. Kafin ya cika shekara uku sun kama ɗaki a saman wani shagon ɗinki, dodanni sun kai ɗari biyu, masu wasa sun kai dubbai. Hannun Auta ya faɗa, zanenta ya zama abin nunawa. Sai aka gayyace ta wani taron masu haɗa wasanni, aka riƙa haska dodanninta a bango ana tafi. Ana cikin haka sai ga Tulu ya bayyana da kunnensa a karkace. Zauren ya ɗauki dariya. Dariyar so ce, amma Auta ba ta ji ta haka ba. Mutumin da ke kusa da ita ya sunkuyo ya ce, “Wannan kuma wane yaro ne ya zana miki?” Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Washegari ta shiga ɗakin aikinsu ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, “Yaya, a sabon zubin wasan da za mu saki, Tulu ba zai shiga ba. Zan goge shi da duk bayanansa.”

Yaya ta ɗago daga kan saƙonnin da take amsawa. “Me ya yi miki?”

“Ya zubar min da mutunci. Kuma na duba, mutum goma sha bakwai ne kacal ke ciyar da shi.”

“Sha bakwai ɗin mutane ne fa, ba ƙudaje ba. Akwai ma wanda Tulunsa ke da furfura tara. Kin san kwana nawa ke nan? Bari mu tura musu saƙo mu ji ta bakinsu.”

“In na tambaye su za su ce a bar shi. Ko waye, a ba shi sabon dodo mai fukafukai, ai ya ci riba.”

“To ki ajiye kwafin bayanan a gefe.”

“Don wata rana ki lallashe ni in dawo da shi? Na ƙi wayon.”

Yaya ta san ƙanwarta in ta kafe, sai ta girgiza kai ta koma kan aikinta. Auta ta danna, ta goge. Rumbun da suke ajiye bayanai a intanet yakan riƙe abin da aka goge na kwana talatin, daga nan sai ya tafi har abada. Ta san da haka sarai, kuma abin da take so ke nan.

Sabon zubi ya fita, jama'a suka yi ta tururuwa. Wasu ƴan saƙonni sun shigo ana tambayar ina Tulu, Auta ta ce kada ma a nuna mata. Aiki ya sha kanta, sati shida ba ta leƙa gida ba, sai dai gaisuwa ta waya. Duk lokacin da ta kira, muryar Baba a sanyaye take, ta ɗauka tsufa ne.

Wata Asabar da safe ta je. Ta tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, tabarau a kan hanci, wayar Mama a hannu, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Da ya gan ta sai ya yi saurin kife wayar a cinya kamar wanda aka kama da laifi. Bayan sun gaisa ya ce, “Injiniya, akwai ɓarnar da na yi, na rasa bakin da zan faɗa miki.”

Ya miƙo mata wayar. Kiwon Dodo ne a buɗe, wani dodo mai fukafukan zinariya yana ta juyi a inda Tulu ya saba zama.

“A asibiti uwarku ta ba ni amanarsa,” in ji Baba. “Ta ce kada in bar mata jika da yunwa. Ban taɓa fashi ba, ko ranar da muka kai ta makwancinta sai da na ba shi. Huɗu ta bari, na ƙara masa biyar. Rannan na tashi na ga wannan baƙon. Na san yatsuna sun yi kauri, wataƙila wani wuri na danna. Sau biyu ina kai wayar wurin mai gyara, ya ce lafiyarta ƙalau. Ki duba min, ko yana wani lungu ya ɓuya.”

Auta ta lissafa kwanakin a zuciyarta. Talatin ɗin sun wuce da kwana goma sha biyu. Ta durƙusa a gaban kujerar.

“Baba, ba kai ba ne. Ni ce. Ni na goge shi da hannuna, saboda an yi masa dariya a taro na ji kunya. Yaya ta ce in tambaya, na ƙi.”

Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Baba ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga, ya sauke numfashi ya ce, “To, alhamdu lillahi. Ashe ba ni na ci amanarta ba.” Wannan magana ta fi mari zafi a wurin Auta. Sati shida tsohon nan yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, ita kuwa tana can tana karɓar yabo. Ta kifa kanta a gwiwarsa ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar Mama.

Ta rubuta wa masu rumbun ajiya, suka amsa cikin ladabi cewa abin da ya tafi ya tafi. Ta nemi zanen Tulu a kwamfutarta, ta tuna shi ma ta share. Baba ne ya shiga ɗaki ya buɗe akwatin Mama, ya fito da wata takarda da ta sha lanƙwasa. Zanen farko ne na fensir, wanda Auta ta dunƙule ta jefa a kwandon shara tun suna aiki a teburin cin abinci. Mama ta tsince shi, ta miƙar da shi, ta adana. A ƙarƙashinsa har da wasu shafuka na littattafan makarantar da ta yayyaga.

Da wannan takarda ta sake gina Tulu, ba ta gyara masa kunne ba, ba ta ƙara masa ƙafa ba. Ta rubuta wa mutum goma sha shidan da suka rage, kowa da nasa saƙon, ta faɗi abin da ta yi ba tare da kwana-kwana ba. Tara suka dawo. Sauran ba su ko amsa ba, kuma ba ta ga laifinsu ba.

Ranar da ta kawo wa Baba wayar ta ce, “Zan iya rubuta kwanakin da hannu, in mayar masa da furfurarsa tara. Minti biyu ne, ba wanda zai gane.”

Baba ya kalli Tulu, kan dodon baƙi wuluk. Ya ce, “Ni zan gane. Huɗun nan uwarki da yatsanta ta tara su, kullum kafin ta sha shayi. Wanda za ki rubuta naki ne, ba nata ba. Bar shi a yadda yake.” Ya miƙo mata wayar. “Ungo, ke za ki ba shi na yau.”

Ta danna. Tulu ya buɗe baki ya haɗiye, ya kaɗa babban kunnensa, a ƙasa aka rubuta kwana ɗaya.

Bayan wata uku da ƴan kwanaki, tana tsakiyar zane a ɗakin aikinsu, keken ɗinki na ƙara a ƙasa, sai wayarta ta yi ruri. Baba ne, muryarsa har da dariya a ciki. Ya ce, “Injiniya, in kin tashi ki biyo. Jikan uwarki ya yi furfura.”

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada kunyar yadda ka fara ta sa ka rusa abin da wasu suka riga suka ƙulla zuciyarsu da shi. Abin da ka yi ka miƙa wa mutane ya daina zama naka kai kaɗai, domin sun zuba kwanakinsu da ƙaunarsu a ciki. Kafin ka goge, ka tambayi masu riƙe da shi ko da su kaɗan ne, ka kuma saurari wanda ya ce ka dakata. Auta ta iya dawo da zanen, amma kwanakin da mahaifiyarta ta tara ba su dawo ba.